Sunan da Dada Ba Ta Kira

Damina ta yi nisa a Jalingo lokacin da Hamna ta dawo gida. Duwatsun da suka kewaye garin sun yi kore shar, kullum da safe gajimare kan sauko ya kwanta a kafaɗunsu kamar baƙon da tafiya ta gajiyar, sai rana ta ɗaga sannan ya tattara ya koma. A unguwar Yelwa komai ya sha ruwa ya yi laushi, katanga da itacen girki, har muryar masu tallan gyaɗa.

Ta zo ne ta rubuta kundin digirinta na biyu a inda za ta ci tuwon uwarta. Bayan karin kumallo takan shimfiɗa tabarma a baranda ta buɗe kwamfuta, sai hoton nan ya bayyana: ƙananan gidaje ja da shuɗi, jere bisa jere, har ido ya fara iyo a cikinsu. Kowane layi na tsaye mutum ne da ya rasu a wata ƙasa mai nisa ya bar wa masu bincike ƙwaƙwalwarsa. Rabinsu sun rayu da ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda a unguwa ba a wahalar da baki a kansa, hauka kawai ake cewa. Kowane layi na kwance kuwa ƙwayar gado ce guda, cikin waɗanda ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin da ke aiki a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin nan ba sa taɓa juna. Tsakanin kowace biyu akwai 'yar tazara, dole sai an ɗauki saƙo an tsallaka da shi. Inda hoton ya yi ja, jiki na karanta umarnin sosai. Inda ya yi shuɗi, kaɗan-kaɗan yake karantawa.

Ba tsintar wannan karatu Hamna ta yi a hanya ba. Ta tashi ana nuna ta da baki, ga ƙanwar mahaukacin gidan Aishatu can. Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Wata ta taɓa faɗa a bayanta a gidan biki, ta juyo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "E, ni ce. Da saƙo ne?"

Yayan nata, Sirajuddeen, wanda take kira Hamma, shi ne ɗan farin uwarsu Dada Aishatu, shi ke ɗakin da ke jikin zaure. Yana gab da gama kwalejin horar da malamai ciwon ya same shi. An sha wuya kafin a dace da allurar wata-wata, wadda maƙwabciyarsu Anti Caroline, tsohuwar nas, take yi masa. Allurar ta kwantar da shi har ya koyi ɗinkin hula, sai dai ta bar masa rawar hannu, zarensa kullum a karkace.

A bana kuwa hannun ya tsaya cak. Ranar da Hamna ta iso, kafin ta sha ruwa Dada ta ajiye mata wata hula a cinya ta ce, "Dubi aikin ɗakin zaure." Ɗinki ne lafiyayye, ko zare ɗaya bai kauce ba. Baffa Njidda, ƙanin marigayi mahaifinsu, ya zo daga Sunkani ya juya hular a hannu ya ce sauƙi ya samu, a soya ƙosai a yi sadaka. Aka soya. Hamna da kanta ta raba wa yaran layi, tana murna kamar kowa.

Wata rana da hantsi ana yayyafi, Sirajuddeen ya fito da allurarsa da zarensa ya zauna a gefen tabarmarta.

"Dokta, me kike ƙura wa ido tun safe kamar mai duba?"

"Ban zama dokta ba tukuna, Hamma."

"A gidan nan kin zama. Har kajin Dada sun sani, ba ki ga sun daina yi miki kashi a takalmi ba?" Ya leƙa fuskar kwamfutar, ya daɗe yana kallo. "Wa ya zana wannan hular? Gwani ne, amma jan zare ya ƙare masa a nan." Ya ɗora yatsa a inda shuɗin ya taru.

Ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa 'yan ajin farko. Ya saurara yana gyaɗa kai.

"Wato haka cikin kaina yake?"

"Ban sani ba, Hamma. Waɗannan ba kai ba ne. Kuma ba a kowa ake ganinsa ba, ba a ko'ina cikin ƙwaƙwalwar ba."

"To ki gaya wa Turawan naki su ƙaro jan zare, rowa ba kyau."

Ta yi dariya. Shi ma ya fara, sai dariyar ta tsaya masa a rabi. Ya karkatar da kai gefe guda, fuskarsa ta yi wani irin haske mai taushi wanda rabonta da ganinsa tun tana 'yar firamare.

"Kin ji?"

Ba ta ji komai ba sai ɗigar ruwa daga indararo.

"Dada ce," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Tana kirana."

Hamna ta waiwaya madafi. Ga Dada can durƙushe tana hura jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya lulluɓe ta.

"Ga Dada can tana fama da wuta."

"Wannan ai ba ta kira. Ta can nake nufi, ta tsallaken kogin Mayo Gwoi. Sirajuddeen, take cewa. Duk sunan, ba ta rage masa komai."

Gaskiya ya faɗa, wannan ba ta kira. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakin Dada bai taɓa furta shi ba. Kunyar ɗan fari ce, irin wadda ta gada wurin uwarta a ruga, ta shigo da ita gari ba ta zubar da ko ɗigo ba. Yayanku take cewa, ko na zaure, ko wancan. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tuwo ya sauka sai ta aiki Hamna, in Hamna na makaranta sai ta tsaya a tsakar gida ta gaya wa iska, "A gaya wa na zaure abinci na hucewa." Shi kuma daga ɗaki ya amsa wa iskar, "A ce mata an gode."

"Na bi ta gada na je can," ya ci gaba, yana zura zare a kafar allura ba tare da ya kuskure ba. "Ba kowa sai masu wankin babur. Ta ce ba ta gada ake zuwa wurinta ba. In jira ruwa ya cika, shi zai kai ni."

Hamna ta dubi hannun nan da ba ya rawa, hannun da aka yi wa sadakar ƙosai. Allura ce ta kawo rawar; in rawar ta tafi, to allurar fa?

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa gidan Anti Caroline, ta same ta tana shanya masara a ɗaki saboda ruwa.

"Allura? Ai ya daɗe bai zo ba!" Anti Caroline ta dafe ƙirji. "Ya ce min wai Dokta Hamna ya aiko sabon magani daga makaranta. Ni wane ne zan yi musu da dokta? Kai, wannan yaro ya ci ni da wayo!"

Ta ɗauko jakarta suka dawo tare. Sirajuddeen na ganinta ya soma naɗe zare.

"Siraju, kar ka ba ni ciwon kai. Ni da na san ka tun kana yawo ba wando, yau za ka ɓoye min?"

"Anti, in kin yi min, hannun zai koma rawa."

"Gara hannu ya yi rawa, kai kana nan."

Sai da Hamna ta yi masa alkawarin za ta kai shi wurin likita a duba ko za a sauya maganin ko a rage rawar, sannan ya yarda. A zaure, tana mayar da kaya jaka, Anti Caroline ta rage murya.

"Wannan ba maganin ciwon kai ba ne fa, da za a sha yanzu a ji daɗi anjima. Sai ya ɗauki lokaci kafin ya kama. Ku sa masa ido. Ruwan kogin kuma kullum ƙaruwa yake."

Da la'asar Hamna ta sami Dada a bakin madafi tana tsinkar yakuwa. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna ta gaya mata komai. Dada ba ta ɗago ba, sai dai yatsunta sun rage sauri.

"Dada, abu ɗaya nake roƙo. Ki kira shi. Sau ɗaya tak, da bakinki, a cikin gidan nan. In ya ji a nan, me zai je nema a tsallake?"

"Bakina bai san hanyar sunan ba."

"Ya koya mana! Ni ma ba da Turanci aka haife ni ba."

"Ke dai komai a wurinki karatu ne."

"Wata murya da babu ita tana ba shi abin da ke kika hana shi. Za ta ja shi cikin ruwa, ke kina nan kina kunya. Kunyar wa? Baba ya rasu, kakanni sun rasu, mutanen layin nan kuwa sun gama zaginmu tun tuni, ba abin da ya rage da za su ce."

Dada ta ajiye ganyen. Wannan matar ce da dangi suka taru a kanta a shekarun farko suka ce a kai shi ƙauye a sa masa mari, ta tsaya a ƙofar zaure ta ce sai dai a haɗa da ƙafarta. Ita ce ta yi damina guda tana kwana a bakin ƙofarsa, ta juya wa ƙofar baya don kada a ce tana kallonsa. Hamna ta san duk wannan. Saninsa ne ma ya ƙara mata zafi.

"Wato ni na jawo masa," in ji Dada.

"A'a." Hamna ta girgiza kai da ƙarfi. "Ban ce ba, kuma duk wanda ya ce ni da shi ne. Ciwon nan yana kama 'ya'yan waɗanda ke kiran sunansu safe da yamma. A cikin jiki yake, Dada, a ƙwaƙwalwa. Ba shirunki ba ne, ba aljani ba ne, ba hannun kowa ba ne."

"Abin da kike dubawa a akwatin nan. Wani abu ne ya ɓace masa a kai?"

"Bai ɓace ba. A mutanen da nake dubawa yana nan a rubuce, daidai da na kowa. Jikin ne ba ya fitar da shi yadda ya kamata."

Hayaƙin madafin ya sirance. Dada ta ɗauki ƙwaryar yakuwar ta miƙe.

"Je ki duba ko wancan ya yi salla."

Kwanakin da suka biyo baya Hamna ba ta iya bambanta su. Ruwa ya sauko, ya ɗauke, ya sake saukowa. Ta mayar da tabarmarta bakin zaure, ido ɗaya a kan ja da shuɗi, ɗaya a kan ƙofar Hamma. Wani lokaci gyangyaɗi kan sace ta, sai ta ga gidajen hoton sun narke sun zama kogi, ga mutanen nan da ba ta san sunayensu ba tsaitsaye a gaɓa biyu suna miƙa wa juna hannu, ruwa na wucewa tsakaninsu. Ta farka ta ji Hamma na amsawa a ɗaki, a hankali, da ladabi, "Na'am. Na'am, na ji."

Ba ta bar Dada ta huta ba. Da safe ta ce, da rana ta ce. Dada ta daina amsa mata. Amma wata rana da aka kawo ruwan famfo, Hamna ta zagaya bayan ɗaki ɗaukar bokiti, sai ta hango Dada tsugune ita kaɗai. Ta buɗe famfon har ƙarshe, ruwa na dukan bokitin ƙarfe da ƙara, ita kuma leɓɓanta na motsi. Ta fara, ta tsaya, ta goge baki da gefen zane, ta sake farawa. Hamna ta koma da baya a kan yatsun ƙafa. Ba ta ce ta gani ba.

Ranar da abin ya faru, ruwa aka kwana ana yi, bai ɗauke ba sai da gari ya waye sosai. Rufin ɗakin Dada ya yi yoyo, su biyu suna ta jan katifa da tara kwanoni. Da Hamna ta tuna ta ruga zaure, ƙofar a buɗe take. Hula na kan tabarma, allura a soke a jikinta, takalmansa na nan a jere.

Ita da Dada suka fita a guje. Suka tari Keke Napep a bakin titi, Dada na riƙe da ƙarfen kujera, ɗankwalinta a karkace. Gari duk ya wanku, komai na ƙyalli, hazon ruwa na tashi daga kwalta kamar ƙasa na numfashi.

Mayo Gwoi ya cika ya batse, ya zama ruwan ƙasa-ƙasa mai kauri, yana tafe da rassan itace da robobi da wata kujera da ba a san ta gidan wa ba ce. Tsallaken ba ya ganuwa sosai, farin hazo ya rufe shi, sai kawunan itatuwa ke shawagi a sama kamar ba su da gindi. A ƙasan inda masu yashi ke lodi mutane sun taru. Sirajuddeen na cikin ruwa har ƙugu, ya ba su baya, rigarsa ta kumbura tana lilo a kewayensa.

Wasu samari biyu sun naɗe wando za su shiga. Wani dattijo cikin masu yashin ya tare su.

"Kun taka ɗaya, ya taka biyu, mun gwada. Gaba kaɗan rami ne, mu muka haƙa shi."

Dada ta cire silifas ɗinta ta ajiye gefe, kamar mai shiga ɗakin surukai. Ta gangara har ruwa ya taɓa yatsunta. Hamna na biye da ita, tana jin numfashinta. Dada ta gyara ɗankwali. Ta ja iska ta cika ƙirji. Abin da Hamna ta yi ta faɗa a kansa ga shi ya zo.

Daidai nan Sirajuddeen ya ɗaga murya yana fuskantar hazon, cikin fara'a.

"Na'am, Dada! Sake kira, ban ji ta wane gefe kike ba!"

Maganar ta daki Hamna a ƙirji. Ta wane gefe. In sunan ya fito yanzu daga bayansa, da muryar nan, to an zama biyu ke nan masu kira iri ɗaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi kuma a tsakiyar ruwa. Ko ya juyo yau, gobe fa? Duk sanda muryar ta sake kiransa, a ɗaki ko a hanya ko a bakin wani ruwan, ba shi da sauran abin da zai auna ta da shi. Abu ɗaya ne a duniya ya sani tabbas game da uwarsa, har cikin tsakiyar ciwo bai manta shi ba. Shi ne ya faɗa da bakinsa a baranda. Wannan ai ba ta kira.

Leɓɓan Dada sun riga sun buɗe. Hamna ta kai hannu ta rufe mata baki.

Dada ta zaro ido. Hamna ta ji ɗumin numfashin a tafin hannunta, ta ji harafin farko ya mutu a can.

"Kar ki faɗa," ta raɗa mata. "Dada, don Allah kar ki faɗa. Na yi kuskure."

Ta saki, ta shiga ruwan har gwiwa. Sanyinsa ya kama ta kamar hannu.

"Hamma! Hamna ce."

"Dokta, koma, za ki jiƙa takardunki." Bai waiwayo ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka in koma. Tun da kake, Dada ta taɓa kiran sunanka?"

Wani reshe ya wuce ta gabansa yana juyawa a hankali.

"Ranar da ka ci jarrabawa ta kira? Ranar da aka kwantar da kai asibiti, ana ta kuka, ta kira? Ranar da Baba ya rasu fa?"

"Ba ta kira ba."

"To wace ce wannan da ta same shi da arha haka, take ta watsa shi a bakin kogi gaban masu wankin babur?"

Kafaɗunsa suka motsa, kamar dariya ta so kama shi.

"Muryarta ce, Hamna."

"Na yarda, muryarta ce. Ciwon ne ya ara, ba ya da tasa. Muryar kawai ya iya ɗauka, halin ya fi ƙarfinsa. Juyo ka ga mai muryar. Ga ta nan ba takalmi."

Ya juyo a hankali, ruwa na tura shi yana gyara tsayuwa. Ya ga taron, ya ga Hamna, sannan ya ga 'yar tsohuwar da ke tsaye a laka. Idonsa ya tafi tsallake ya dawo, ya sake tafiya ya dawo. Har yanzu ana kiransa daga can, kowa na iya gani a yadda kunnensa ke karkata.

"In ke ce," ya ce, muryarsa ta zama ta ƙaramin yaro, "ki kira ni."

Hamna ba ta waiwaya ba, ba ta da sauran abin da za ta yi. Ta ji shirun Dada a bayanta, mai tsawo, mai nauyi, ta san sunan na nan a kan harshe, an sha wuya kafin a kawo shi wurin.

Dada ta kawar da kai gefe, ta dubi tarin yashi.

"Hamna," ta ce, yadda kowa ya ji, "ki gaya wa wancan ruwan nan da sanyi. Ya fito haka nan."

Sirajuddeen ya tsaya yana kallonta. Sai fuskarsa ta yamutse, dariya da kuka suka fito tare.

"Wannan ita ce," ya ce wa mutanen da ke gaɓa, kamar sun yi masa musu. "Wallahi wannan ita ce."

Ya fara takowa. Tafiyar ta yi tsawo, don kowane taku sai ya ɗan tsaya kamar ana jan rigarsa ta baya. Sau ɗaya ya waiwaya ya ce wa hazon, "Ki yi haƙuri, ban san ki ba." Da ya iso kusa Hamna ta cafki hannunsa da hannu biyu, samarin nan suka kama ɗaya, aka fito da shi yana ɗigar ruwa, haƙoransa na haɗuwa.

"A ce mata na fito," ya ce.

"Ta ji," in ji Hamna.

Mai Keken da ya kawo su bai tafi ba. Sirajuddeen ya shiga can ƙurya ya jingina kai da ƙarfe ya lumshe ido, leɓɓansa na ɗan motsi, yana ba wata amsa da ba ta shafe su ba. Kafin su shiga Dada ta riƙo mayafin Hamna, ta yi magana yadda shi ba zai ji ba.

"Na riga na kawo shi bakin leɓe."

"Na sani, Dada."

"Yanzu fa?"

"Ki mayar da shi ki ajiye."

"Har yaushe?"

Hamna ta so ta ce har maganin ya kama, har muryar ta yi shiru. Amma ta karanta abin da ya isa ta san muryar kan yi shiru ta dawo, ba ta kuma saba yi wa uwarta ƙarya ba.

"Ban sani ba. Wataƙila har abada."

Dada ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar an gaya mata farashin da ta riga ta sani. Ta shiga ta zauna a tsakiya, abin da ba ta taɓa yi ba, kafaɗarta na gogar tasa. Keken ya ja, ya hau titi, garin da ya wanku na wucewa ta gefe. Fuskarta na kallon waje ta ɓangaren Hamna, ko sau ɗaya ba ta juya ba. Hannunta ne kawai ya lallaɓa ya kamo gefen jiƙaƙƙiyar rigarsa, ta shiga matsewa kaɗan-kaɗan, ruwan kogin na zuba a kan ƙafafunta.